Wurin da Aka Samar Mini a Memori

Abin da aka yi wa rediyona a kasuwar Gaya ya yi shekaru yana ci mini rai. Yau na ce da 'yata ta rubuta mini shi a nan.

Ƙaramin rediyo ne mai memori, wanda nake ratayewa a reshen darbejiya idan ina noma. A ciki akwai karatun yayana marigayi Malam Idi na Toranke, wanda aka ɗauka a azuminsa na ƙarshe. Har tarinsa ana ji.

Da memorin ya cika ya ƙi karɓar sabon wa'azi, sai na kai wa mai tura waƙoƙi, na ce ya samar mini wuri. Na je sayen taki na dawo, ya miƙo mini yana murmushi.

"Baba, na kwashe maka sharar duka. Yanzu ko tafsirin wata guda zai ɗauka."

"Ina karatun Malam?"

"Wane Malam? Marasa suna na goge, lambobi ne kawai."

"Ka tambaye ni?"

"To Baba, ai wuri ka ce kana so."

Wurin yana nan, ban sa komai a cikinsa ba. Mai tura waƙoƙin kuwa yana sana'arsa, idan na wuce har gaishe ni yake.

Ku masu ilimin waya, na ƙoshi da "sai haƙuri". Muryar da aka goge, ina take tafiya? In ana dawo da ita, wa zan kai wa? Don Allah wani ya ba ni amsa.