Farin Ƙyalle a Majanyi

Shekarun baya, ina goyon fari, aka kawo wa matan unguwarmu a nan Haɗeja wani shiri na koyon yadda ake mayar da kacala gawayi. Kacalar nan dai, doguwar ciyawar da ta cinye bakin kogi ta toshe hanyoyin ruwa, wadda mijina, da yake masunci ne, kullum ya dawo sai ya yi mata Allah ya isa. Ni son gani ne ya kai ni: ta yaya ciyawa za ta zama gawayi? Uwar mijina, da muke kira Inna, ita ma ta yafa mayafi, wai za ta je ta ga ƙaryar 'yan boko da idonta.

Na ɗauka allo za a kafa, har ina fargaba, don ni firamare ma ban gama ba. Ashe tabarmi ne a gindin mangwaro, malamar da aka turo kuma a cikinmu take zama, ta ma fi mu yawan tambaya. Mu muka ƙona busasshiyar kacala a ganga, muka daka, muka yi ta gardamar abin da zai riƙe garin in an dunƙula. Wata ta ce kokon rogo, wata ta ce yumɓu. Dunƙulena na farko ina ɗagawa ya ruguje kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Aka yi dariya, har da ni.

Amma akwai abin da yake cin raina. Yarinyar da ke bayana tana wani tari mai ƙugi a ƙirji. Inna ta ce haƙori ne. Ni kuwa na lura, ranar da muka wuni a gindin mangwaro lafiya lau take, amma da na shiga madafa da ita ina hura ɗanyen itace, sai ta fara. To 'yar fari ce. Kun san halinmu, ko sunanta ba na faɗa, balle in buɗe baki gaban uwar miji in nuna na damu da ita. Sai a ce 'yar zamani, ba kunya.

Wata rana malamar ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya me hayaƙi yake mana a gida. Wannan ta ce ido, waccan ta ce warin tufafi. Da aka zo kaina na ce, “Ba komai.”

Inna ta ce, “Wannan ai ko wuta ce ta kama zanenta, ba komai za ta ce miki. Kuma gaskiyarta. Da hayaƙi aka rene mu, ga mu nan ba mu mutu ba.”

Wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta ce, “Inna, ba ki mutu ba, amma idon nan naki ko allura ba ya iya zura wa zare.”

Gardama ta kaure. Mai ƙosan ce ta kawo shawarar a gwada. Aka samo farin yadi aka yayyaga, kowa ta rataya nata a madafa, masu itace da masu gwajin gawayin kacala, a kawo zama na gaba a gani. Ranar na yi tambayata ta farko. Na ce, “Malama, a ina daidai za a rataya?”

Ta ce, “Duk inda kike son sanin abin da hayaƙi yake yi.”

Na daɗe a tsaye a madafa da ƙyallen a hannu ina kallon ƙusar jikin bango. Daga baya sai na ɗaure shi a majanyi, daidai inda fuskar yarinyar take kwanciya a bayana. Inna ta gani, ta ɗauka na share yawu ne.

Da zama ya zagayo aka jera ƙyallaye a tabarma. Na masu gawayi sun ɗan dushe kawai, na masu itace sun yi duhu. Nawa ba shi ne ya fi baƙi ba, amma ya rine, ga tabon nono a gefe. Mai ƙosai ta ɗauka ta shinshina.

“Wannan kuma ƙanshin jariri da ƙaurin hayaƙi. Ke a ina kika rataya naki?”

Na sunkuyar da kai na ce, “A majanyi.”

Inna ta miƙa hannu aka ba ta. Ta juya shi, ta kai hanci, ni kuwa ina jiran faɗa. Sai ta ce, “Sauke min ƙawata.” Ta ɗora ta a cinya, ta leƙa fuskarta. “Ashe bandar ki ake yi kamar tarwaɗa ban sani ba?” Mata suka tuntsire da dariya. Ba ta ko dube ni ba ta ƙara da cewa, “Daga yau in za a hura wuta a kawo min ita. Gobe kuma ubanta ya kai ta asibiti. Baƙin dunƙulen nan naku ma a kawo in gwada.”

Tarin ya lafa a hankali. Ba zan ce muku ga takamaiman abin da ya yi maganinsa ba, ni ba likita ba ce. Abin da na sani, na je kallon ciyawa ta zama gawayi, na dawo da sanin cewa in mutane suka zauna suna gwada abu tare, ko wadda ba ta iya magana ba tana samun hanyar da za a ji ta.

Yarinyar yanzu tana makaranta. Inna tana nan a kan bakanta cewa tuwon itace ya fi daɗi, ko da yake da gawayi take girki. Ban taɓa ce mata na damu ba, ita ma ba ta taɓa ce min ta gane ba. Sai dai ta laƙaba wa yarinyar suna 'Yar Banda, duk gidan aka ɗauka. Shi ne sunanta ɗaya da nake iya kira a gaban kowa.