Mai Guga da Muryar Aro

Ran nan da rana tsaka na kurma ihu a shagona, har maƙwabcina mai sayar da katifa ya shigo a guje da bokitin ruwa, a zatonsa injin kwafi ne ya kama da wuta. Ba wuta ba ce. Wata tsohuwa ce ta taɓa min kafaɗa tana so a yi mata kwafin katin asibiti, ni kuma kunnuwana a toshe da abin saurare, ina jin wani labari, na iso daidai wurin da farar riga ta ɗaga hannu ita kaɗai a kan tebur. Na ce wa jama'a lantarki ne ya ja ni. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna, ta ce, "Kashi na bakwai ne ko, ɗana? Ni ma sai da na buɗe ƙofa da taga kafin na ƙarasa shi."

Wadda ta kunyata ni haka matar yayana ce. Duniya ta san ta da Mai Guga. Ni kuwa tun da aka kawo ta gidanmu shekara talatin da ɗaya da suka wuce nake kiranta Amarya, kuma ba ni da niyyar dainawa ko da haƙoranta sun zube. Ita kuma Farfesa take ce min, ba don girmamawa ba.

Yayana direban bas ne har ranar da gwiwarsa ta ce ta gaji. Da ya zauna, sai ita ta tashi. Ta kwashe kujerun ɗakin gaba, ta sa dogon tebur, ta shimfiɗa masa tsohon bargo, ta ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan. Dutsen guga biyu gare ta, na lantarki da na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta. Akwai kwalbar fesa ruwa da aka ɗaure wuyanta da roba, akwai wani gwangwani da take zuba abin da ta tsinta a aljihun mutane: makulli, maɓalli, takardar magani, har zoben da mai shi ya rantse ba nasa ba ne.

Daga wannan gwangwanin labaranta suke fitowa. Mutum ya zo karɓar kayansa ba a gama ba, maimakon ta bar shi ya tsaya yana mita, sai ta ce, "Zauna in ba ka labarin mai wannan makullin." Kafin ta ninke wando na ƙarshe, mutumin ya manta da saurin da yake yi, yana waiwayen bayansa. Ba ta taɓa ba da labarin dodo mai ƙaho ba. Nata na kaya ne: zanen gadon da kullum ake kawowa da sawun mutum biyu alhali mai shi shi kaɗai yake kwana, ko kwat ɗin da ke ƙara nauyi kowane mako. Wata rana yayana, da yake zama ya ishe shi, ya ajiye wayarsa a gefen tebur ya naɗi muryarta, ya tura wa tsofaffin abokan tuƙinsa. Wani a cikinsu ya nuna musu yadda ake sa shirin murya a intanet, abin da ake kira fodkas. Shekara huɗu ke nan, duk ranar Alhamis, kuma masu saurarenta sun haura dubu arba'in.

Ni ma ina da shiri. Ni da abokina Mai Kemis muke yinsa, sunansa "Na'ura da Mulki", kan siyasar ƙirƙirarriyar basira: wa ya mallake ta, wa za ta kora daga aiki, wa za ta mulka. Ni ina cewa za ta haɗiye mu, shi yana cewa za ta cece mu, shekara biyu ba wanda ya matsa ko taku ɗaya. Masu saurarenmu sittin da biyu ne. A cikinsu akwai ni, akwai shi, akwai matarsa da ke saurare don ta tabbatar wurin naɗar shirin ya je.

Ana tsakiyar labarin farar rigar nan, mai kashi goma sha biyu, an yi tara saura uku, muryar Amarya ta fara shaƙewa. Likita ya leƙa maƙogwaronta ya ce wani ɗan tsiro ne ya fito a inda murya ke fita. Ya ba ta magani, ya ce sati shida ba magana, ko raɗa. In ta karya doka, muryar na iya tafiya ba dawowa.

Na je duba ta na same ta tana guga, baki a rufe. Ta jawo irin kwalin da take sawa a wuyan riga, ta rubuta, ta miƙo min: "Sati shida. Za su manta da ni."

Ba tsoron banza ba ne. Intanet ta cika da shirye-shiryen ban tsoro da na'ura ke rubutawa ta kuma karanta, goma a rana ɗaya. A nan ne ni, da na shekara biyu ina gargaɗin duniya, na gyara zama na ce, "Amarya, kwantar da hankalinki. Akwai manhajar da za ta saurari tsofaffin shirye-shiryenki ta koyi muryarki. Ke ki rubuta labarin, ita ta karanta."

Yayana ya ce, "Ba kai ne kake cewa abin nan zai haɗiye mu ba?"

"Yaya, ai a hannun jahili yake haɗiya. Wannan a hannuna zai kasance."

Ta rubuta a kwali: "Shi ne abin da nake tsoro." Amma ta yarda, domin Alhamis ta matso.

Na kawo kwamfutata, na loda wa manhajar shiri ɗari biyu. Ta fito min da wata doguwar takardar sharaɗi, na danna "na yarda" ban karanta ko layi ɗaya ba, ni da na yi shiri uku a jere kan haɗarin danna "na yarda". Ta tambaye ni ko a share hayaniyar bayan murya da guraben da aka yi shiru. Na ce a share mana, aikin ƙwararru za mu yi.

Da na kunna gwaji, muryar ta fito tas, ita ce sak. Yayana yana can tsakar gida ya amsa, "Na'am?" Na tuntsire da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye dutsen, ta kai hannu ta dafa wuyanta kamar mai laluben abin da aka zare mata.

Kashi na goma ya fita. Ba wanda ya ji tsoro. Wani ya rubuta cewa yana saurare yana cin abinci har ya yi ƙari. Wata ta ce jaririnta ya yi barci mai daɗi, ta gode. Amma yawancinsu tambaya ɗaya suke yi: "Ina dutsen?"

Sai a lokacin na gane abin da na share. Amarya tana guga take ba da labari. In ta zo kan kwalar riga ko tsakanin maɓallai dole ta yi shiru ta sa ido, kada ta ƙona kayan mutane. Da shekaru suka tafi sai ta koyi jera maganarta da aikin: mummunar kalmar takan faɗo daf da kwala, sannan ta bar ka a rataye, ba ka jin komai sai tafiyar dutse da hucin tururi, har ta gama. Abin da ke tayar wa mutum dubu arba'in tsigar jiki, ashe maɓallin rigar wani ma'aikacin banki ne.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni na ce abu mai sauƙi ne. Na samo ƙarar tururi a intanet, na dasa ta cikin kashi na sha ɗaya, duk bayan daƙiƙa talatin, fus, fus, ba fashi.

Na manta su wa ke saurarenta. Teloli ne, da masu wanki, da masu guga irinta, mutanen da ke sa waya a aljihu hannunsu na aiki. Wani mai wanki ya rubuta: "Na ƙirga, tururi sau arba'in da ɗaya a riga ɗaya. Wannan ba guga ake yi ba, dafa rigar ake yi." Wata tela ta ce, "Mai Guga ba ta taɓa magana a kan kwala ba. Wannan ba ita ba ce. Ku faɗa mana gaskiya, me ya same ta?" Kafin Asabar magana ta zama ta mutu, dangi suna ɓoyewa. Kafin Litinin ta zama ta mutu kuma ita ce ke maganar daga can. Masu saurare suka ninka. Mai Kemis ya kira ni yana murna, wai ga hujja na'ura tana kawo ci gaba.

Mutane suka fara zuwa yi wa yayana gaisuwa. Wani da ke da kaya a wurinta ya zo da sauri ya kwashe kafin dangi su haɗa da nasa a rabon gado. Ya ɗaga labule ya gan ta a tsaye cikin tururi, tana kallonsa, ba ta ce komai ba. Har yau takalminsa ɗaya yana ƙarƙashin teburin.

Sati uku kawai aka yi a cikin shida. Ran Laraba na je na tarar ta ajiye waya a gefen tebur, ta kunna naɗi, ta sha ruwan ɗumi, tana gyaran murya. Za ta yi magana ta gaya musu tana raye. Yayana ya taso da gurguwar gwiwarsa ya sa tafin hannu ya rufe wayar.

Ya ce, "A'a. Shekara talatin da ɗaya muryar nan tana min faɗa, ban shirya rabuwa da ita don mutanen da ban san fuskarsu ba. Su ce kin mutu. Ni na san waye ya hana ni shan shayi da sukari yau da safe."

Ta ajiye kofin ruwan. Na ce bari in kawo shawara, akwai wata manhajar da ke... Ta jawo kwali ta rubuta kalma biyu ta ɗaga min: "Kai, fita."

Na fita na zauna a kan benci a tsakar gida, yayana ya biyo ni. Muka kasa kunne. Ba murya. Ta ɗauko farar riga ɗaya ta goge ta daga farko har ƙarshe a gaban wayar, minti goma sha tara. Fesa ruwa, tafiyar dutse, juya riga, dogon shiru a kan maɓallai. Da shirun ya yi yawa, yayana ya tsargu ko raɗa take yi, ya tashi ya nufi ɗakin a hankali yana jan ƙafa, ya tura ƙofar da ba a taɓa sa wa mai ba. A daidai nan ta kashe naɗin. Haka ta sa shi a intanet, da rubutu layi ɗaya a ƙasa: likita ya hana ni magana, saura sati uku.

Masu guga suka ce ita ce, ba tantama, domin ba wanda ke fara kwala ta ciki ya buga gindin dutse sau biyu a tebur kafin ya juya hannun riga sai ita. Sauran kuma suka ce ba su taɓa jin kashi mai firgitarwa irin wannan ba, musamman ƙarshen, da mai rigar ya iso yana jan ƙafa. Yayana ya kwana uku yana tafiya a gida kamar wanda aka ba lambar yabo.

Sati shida suka cika, muryar ta dawo, da ɗan kaushi kaɗan wanda masu saurare suka ce ya ƙara mata kyau. Maganarta ta farko ga yayana ce, kan silifas da ya bari a bakin ƙofa. Ta biyu gare ni: "Ka goge abin nan?"

Na ce na goge.

"Naka ko nasu?"

Nan na koma na karanta takardar sharaɗin, sati shida bayan na yarda da ita. Kamfanin yana da ikon riƙe muryar ya yi abin da ya ga dama da ita. Na rubuta musu wasiƙa uku masu zafi, na'ura ta amsa min duka ukun cikin ladabi, tana min fatan yini mai kyau. Da na gaya wa Amarya, ba ta zage ni ba. Ta ci gaba da guga, ni kuma na tsaya ina jiran ta gama kwala.

Duk da haka ban fasa gayyatarta shirinmu ba, don ko kashi ɗaya cikin ɗari na mutanenta suka biyo ta mun warke. Ta ce ba za ta bar aiki ba, mu zo. Muka kafa makirufo a gefen tebur, Mai Kemis ya sa kwat. Na gyara murya na ce, "Baƙuwarmu, ke da kika ga abin da idonki, shin kina tsoron ranar da na'ura za ta mulki ɗan Adam?"

Ta jingine dutsen, ta matso bakin makirufo.

"Farfesa, shekara da shekaru ina ɗakin nan, ba na'urar da ta taɓa ƙwanƙwasa min ƙofa. Wadda ta shigo, a jaka ka ratayo ta, ka ce 'na yarda' da bakin da ba naka ba, sannan ka zauna ka ci abincin rana. In abin tsoro kuke nema wa mutum sittin ɗinku, ku yi musu shiri kan ƙanin miji mai ilimi."