Motar Cindo Mai Ƙofa a Hagu

A Wara, in ka ce Cindo sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Cindo mai ƙofar hagu, kowa zai nuna maka gidansa. Ɗan ruwa ne tun asali. Ya tashi yana ƙetarar da mutane da kaya a tafkin Kainji cikin jirgin mahaifinsa, dogon jirgin katako mai inji, har Allah ya yi wa tsohon rasuwa, jirgin ya dawo hannunsa.

Ba a daɗe da yin jihar Kebbi ba motocin Kwatano suka fara kwararowa, zazzaɓin mota ya kama mutane, bai bar Cindo ba. Ya sayar wa maƙwabcinsa Yohanna jirgin, ya yi tafiya, ya dawo da farar bas mai araha yana ta washe baki. Mahaifiyarsa Inna Ladi, wadda ta tsufa a sana'ar kifi, ta zagaya motar, ta dube shi.

"Jirgin ubanka na kam maida wanga gwangwani? To, ni dai ba ni shiga ta."

Daga ranar ta daina yi masa "Allah ya tsare" in zai fita. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Arahar kuwa da dalilinta. An ƙera motar ne don ƙasar da direba ke zama a dama, wani gwanin walda ya ciro sitiyarin ya dasa a hagu. A faɗi gaskiya, injinta lafiya lau, ba ta shan mai, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Sai dai in ana ruwa, abin share gilashi gaban fasinja yake gogewa fes, ya bar direba yana leƙe. Sitiyarin kuma sai an riƙa ɗaure shi a kai a kai. Babbar matsalar ita ce ƙofar fasinja, wadda gwanin bai taɓa ba. Tana nan a hagu, ɓangaren titi.

Ranar farko a Yelwa, wata mata ta sauko ta wannan ƙofa, ɗan kabu-kabu ya yi awon gaba da kwandonta, ita ma da kyar ta sha. Sahabi, shugaban tasha, ya kira Cindo gefe.

"Malam Cindo, ƙohwarka titi take kallo. Ba mu ba ka lodi ka kashe muna mutane."

Ya koma wurin masu walda, suka ce sai an yanke jikin motar gaba ɗaya. Haka ta zauna a ƙofar gida awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Abokai in sun wuce sai su tambaye shi yaushe za a saka mata filafilin tuƙa jirgi. Ya yi dariyar dole, cikinsa kuwa baƙin ciki ne da kunya, ga babu jirgi, ga Inna ta janye addu'arta.

Da tafki ya cika, ruwa ya cinye filin mashigi, sai wata siririyar hanya ta rage tsakanin ruwa da gangare. Motoci ba sa sauka, domin in sun shiga ƙofarsu gangaren take fuskanta, ba wurin lodi. Can sama suke tsayawa, mata su yi ta hawa da bahon kifi a ka, rana tana dukansa, kafin a kai Yelwa ya fara sakin jiki. Cindo yana zaune wata safiya yana kallon wannan wahala, sai ya lura cewa mai shiga hanyar, ruwa a hagunsa yake.

Ya tashi a guje. Ya kwance kujerun baya, ya kori awaki, ya gangaro da motar a hankali, ya jera ta da bakin ruwa kamar yadda ya saba jera jirgi da jirgi. Ya ja ƙofa, ta buɗe daidai kan jiragen masunta. Mata suka yi guɗa. Daga jirgi sai cikin mota, ba hawa ba sauka, kifin ya isa kasuwar Yelwa yana motsi. Kafin mako ya zagayo masu kifi har rigima suke a kan layinsa, Sahabi da kansa ya aiko a tambayo inda ake samun irin motar.

Wata ranar kasuwa Yohanna ya kawo tsohon jirgin ya jingina da motar. Inna Ladi na ciki da bahonta. Cindo ya miƙa hannu zai karɓi kifin kawai, kamar kullum, sai ta riƙe hannun gam. Ta ɗaga ƙafa daga jirgin mijinta ta taka cikin motar ɗanta, ta zauna a kan buhu tana gyara mayafi.

"Ashe ta san ruwa," in ji ta. "Mi kake jira? Mu tahi. Allah shi tsare."

Gilashin motar a bushe yake, amma sai da Cindo ya share ido kafin ya ga hanya.