Motar da Ta Ƙi Tashi Ranar Naƙudar Yayata

A lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce, ban daɗe da gama kwalejin horar da malamai ba. Ina koyarwa a wata firamare a Bakura, ina kwana gidanmu a Birnin Tudu. Ni ce auta, kuma an san ni da yawan shiru da kallon sama. Sai a aike ni maƙwabta, a tarar da ni tsaye jikin katanga ina kallon balbelu na sauka a fadamar shinkafa, na manta abin da aka aike ni. Ina son karatu, ina ɗan tsara waƙoƙi a zuci, kuma ina da wani zato da ban taɓa bincika ba, cewa abin da aka ƙera da ilimi mai zurfi ba zai bar mutum a tsaye ranar da ya fi bukatarsa ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Ina so ne kawai wata ta karanta kafin ta danna abin da na danna.

Wana yana aikin haɗa wutar sola a Kaduna. Da ya ga idon Baba ya fara rauni, ga wahalar samun fetur a wajenmu, sai ya kawo wata ƙaramar mota mai aiki da lantarki, ta hannu ce, ya kafa farantan sola a kan rumfar da ya yi mata a bayan zaure. Baba malami ne, manya ke ɗaukar karatu wurinsa safe da yamma, ba ruwansa da sitiyari, don haka ni aka koya wa tuƙi. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, ta rantse ba za ta shiga abin da ke shigowa gida ba sallama ba, ta ce ko akuya tana da ladabin yin kuka kafin ta shigo. Wana ya sa mini manhajar motar a waya. Daga ɗakina nakan ga yawan cajinta, in kulle ta, in buɗe ta, in ga inda take tsaye. Ina jin daɗin abin fiye da yadda zan iya faɗa. Idan na bi hanyar Bakura da sassafe, ba abin da nake ji sai iska da kukan tsuntsaye, kamar ina tafiya a kan ruwa.

A ƙarshen damina aka kawo yayata daga gidan mijinta a Maradun don goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Ita ce ɗiyar fari a ɗakinmu, kuma Inna tana mata kunya irin ta da. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama kusa da ita, in za ta ba ta fura sai ta miƙo mini ta ce in kai wa waccan. Gwaggo ce ta raine ta, ita ce kuma mai jin sirrinta. Da na kai ta awo asibiti a Talata Mafara, likita ta ce ɗan ya kwanta a gicciye. Ta ja mana kunne cewa da zarar ciwo ya fara a kawo ta, kada a tsaya gwada haihuwa a gida, domin in bai juya ba sai an yi mata aiki. Daga ranar Baba ya kafa doka: motar ba ta zuwa ko'ina, ta zauna cike da caji har sai an sauka lafiya. Ko shi kansa babur yake hawa in zai fita.

Cikin kwanakin nan ne saƙo ya fara fitowa a wayata cewa akwai sabuntawa da ya kamata a yi wa manhajar motar. Wana ya kira ya yi mini bayani, wai an gano wata kafa da ɓarawo mai wayo zai iya bi ya buɗe irin motar da wayarsa, ya tashe ta ya tafi, wannan sabuntawar ce ke toshe kafar. Ya ce in yi, amma in zaɓi lokacin da ba a bukatar motar, don ba ta motsi sai ta gama. Har ya tsokane ni, ya ce Auta, kada dai ki tsaya rubuta mata waƙa ki manta. Duk wanda ya san yankinmu ya san ba a wasa da maganar sata. Na fara tunanin mu wayi gari rumfa ba mota, ga Yaya da ciki a baki. Kullum na buɗe waya sai in ga jan ɗigon saƙon yana jirana. A raina kuma abin bai wuce irin sabuntawar waya ba, wadda nakan danna in ajiye, kafin in idar da salla ta gama.

Ranar Talata ce, ranar babbar kasuwa, makaranta kuma na hutu. Tun da safe garin ya zama na mata da tsofaffi, duk mai mota ko babur ya nufi Talata Mafara. Gwaggo ta bi su don ta sayo kanwa da kayan yaji na jego, Baba kuma ya tafi gaisuwar rasuwa Garbadu. Da hantsi na ga gida shiru, ba mai zuwa ko'ina, na ce ba lokacin da ya fi wannan. Amma na tuna maganar wana, sai na leƙa ɗakin Yaya. Na same ta zaune a bakin gado ta riƙe ƙarfen gadon da hannu ɗaya. Na tambaye ta ko tana jin wani abu. Inna na zaune a tsakar gida, daf da tagar ɗakin, tana ɓarar gyaɗa. Yaya ta dubi tagar, ta dube ni, ta yi murmushi ta ce lafiya lau take, ta tambaye ni ko malanta ta ishe ni ne na koma ungozoma. Na ga gumi a saman leɓenta, na ɗauka zafin ɗaki ne. Da na fito na tambayi Inna ko tana ganin yau za a bukaci mota. Ba ta ɗago kai ba, ta ce in tambayi mai jikin, ita me ta sani.

Na shiga motar na zauna. Allon motar ya rubuta mini a fili cewa ba za a iya tuƙa ta ba har sai an gama, kuma ba zai kai awa ɗaya ba. Ba zan ce ban gani ba, na karanta, na fahimta, na danna. Wani siririn layi ya fara cika a hankali, ina kallonsa ina jin daɗin na sauke nauyi. Da ya wuce rabi sai ya tsaya. Na jira, na ƙara jira. Can allon ya yi duhu, ya dawo da wani gajeren rubutu cewa an samu matsala, a tuntuɓi masu gyara. Ina cikin karanta shi ne na ji murya daga cikin gida tana kiran sunan Yaya. Na ɗan daɗe kafin in gane muryar Inna ce, domin tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Na tarar da Yaya a durƙushe, jini na zuba, Inna ta rungume ta. Aka kira ungozoma, ta duba ta ce wannan ba aikin hannunta ba ne, a yi asibiti yanzu. Na koma motar da gudu. Na taka birki, na danna maɓallin tashi, ba abin da ya motsa. Na kashe wayata na kunna, manhajar ta ce in dakata. Na kira wana, sabis na yankewa, ina jin rabin maganarsa. Ya ce in fita in kulle ta in sake buɗewa, na yi. Ya ce in danne wasu maɓallai tare, na yi. Ya kira wanda ya sayar masa da ita, shi kuma ya ce sai an haɗa ta da na'urarsu, a kawo ta Kaduna. Ban san lokacin da na fara roƙonta ba, ina shafa sitiyarin ina ba ta haƙuri kamar mai ji. Batirinta cike yake taf, tayoyinta lafiya, ba abin da ya karye a jikinta.

Na zaga gari ba takalmi. Babur ɗaya na samu, amma Yaya ba ta iya zama a kansa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ɗaura wa shanunsa amalanke, muka shimfiɗa katifa muka kwantar da ita. Hanyar da nakan shafe cikin ɗan lokaci, ranar na san kowane rami nata, domin duk wanda muka faɗa sai Yaya ta matse hannuna. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi a hankali. A bakin titi muka tsayar da wata motar buhuna, direban ya sauke wasu ya ba mu wuri. Sai bayan la'asar muka isa asibiti. Aka shiga da ita ɗakin aiki, aka ceto ta da ƙyar. Ɗan namiji ne, bai zo da rai ba. Da na tambayi likitar ko da mun zo da wuri da ya rayu, sai ta ce Allah ne masani, in je in zauna kusa da yayata.

Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Baba ya ce kwanan yaron ne bai kai ya sha iskar duniya ba, ya hana a sake tayar da maganar. Wana ya zo washegari idonsa jawur, yana cewa laifinsa ne da ya ce in yi. Aka ɗora motar a kan babbar mota aka tafi da ita, masu gyara suka tashe ta cikin ɗan lokaci kaɗan. Yaya ta dawo gida ta yi wankan jego ba jariri. Ni nake dafa ruwan, ni nake yanko ganyen darbejiya, ina ji daga bayan zana Gwaggo na yi mata wanka suna kuka a ɓoye. Nononta ya kawo, ba mai sha. Kayan da aka ɗinka wa ɗan, Gwaggo ta ƙulle su a zane ta tura ƙarƙashin gadonta.

Ana gab da mai da Yaya Maradun ta kira ni ɗaki, ta ce in daina sunkuyar da kai in na shigo. Ta ce tun asuba ciwon ya fara, kuma ta gane abin da ya sa na tambaye ta, amma ta kasa buɗe baki ta ce naƙuda take yi Inna na ji. Gwaggo take jira ta dawo daga kasuwa. Ta ce in laifi ne, mu raba. Daga baya Inna ma, muna tsinke shinkafa, ta faɗa ba tare da ta dube ni ba cewa ta lura da tafiyar Yaya tun da ta fito alwala, ta sani, ta yi shiru. Mu uku a gida ɗaya, kowace da rabin sani a hannunta, ba wadda ta miƙa wa 'yar'uwarta.

Ba ina cewa kada a sabunta manhajar mota ba ne. Kafar da ɓarayi ke bi gaskiya ce, toshe ta kuma wajibi ne. Abin da ban sani ba shi ne mota ba waya ba ce. In waya ta ɗauke, ka ari ta maƙwabci. Waɗanda suka ƙera motocin nan sun ƙera su ne suna tunanin mutumin da ke da wata motar a gefe, ga mai gyara a bayan layi, ga motar asibiti da za ta zo in an kira. Mu ba mu da ko ɗaya. Duk mai niyyar sayen irinta a ƙauye ya tambayi mai sayarwa tun kafin ya karɓi makulli: in sabuntawa ta tsaya a rabi, wa zai tashe ta, kuma a wane gari yake? In akwai mai ciki, ko tsoho, ko majinyaci a gida, kada a taɓa sai an tanadi wata motar tana tsaye a ƙofa, ko da allon ya ce ɗan lokaci ne.

Ga 'yan'uwana mata kuma, kunya ado ce, ni ma da ita aka raine ni, ba na raina ta. Amma ranar ciwo a ajiye ta. In kin tambayi mai ciki ta ce lafiya lau, ki ja ta inda ba mai ji, ki rufe ƙofa, ki sake tambaya. Ki dubi hannunta ki ga abin da ta riƙe. Ni na ga nata ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun tashi, na karɓi amsar bakinta na fita.