Ranar da Muka Bi Ƙaiƙayi a Ruwa

Shekarun baya can, tun Turawa suna ƙasar nan, hukumar En'e ta fito da doka a Haɗeja kan ruwan sama. Mai shela ya zaga yana cewa kada wanda ya ƙara gini a kan hanyar ruwa, kowane gida ya buɗe rariyarsa, kuma za a haƙa lambatu ya kwashe ruwan unguwa zuwa kududdufi. Ni lokacin saurayi ne mai ji da kansa. Da ranin nan na gina ɗakin da zan saka amarya, a wani ɗan fili bayan gidanmu. Na yaɓe shi sumul, ina shiga ina fita ba gaira ba dalili, don dai in shaƙi ƙamshin ƙasa.

Sai ga duba-gari da igiya da turaku. Ya ja igiyar daga bakin masallaci, ta miƙe samɓal cikin lungunmu, ta ci kusurwar ɗakin mahaifiyata, da yake bayansa ya ɗan shigo hanya. Ya ce nan lambatu zai bi, sai dai a rushe ɗakin.

Ɗakin nan kuwa mahaifina ne ya gina shi da hannunsa kafin ya rasu, har shatin yatsunsa yana jikin bangon. Mahaifiyata ta shiga ta zauna, tuwo ma ta daina ci sosai. Wallahi abin ya ci mini rai.

Can na tuna dabarar tsofaffin magina: sukan jira ruwan farko, su watsa ƙaiƙayi, su ga inda ruwa yake bi kafin su aza tubali. Na je gaban mai unguwa na yi ta zuba, wai igiya ba ta san ƙasarmu ba, a bari ruwa ya nuna hanyarsa da kansa. Duba-garin ba mugu ba ne. Ya ce ai dokar ma hanyar ruwa take nema, zai jira. Sannan ya dube ni.

"Samari, duk ginin da ƙaiƙayin ya tsaya a kai, ka yarda a rushe?"

Na ce na yarda, har da bugun ƙirji.

Har gobe ina ganin ranar kamar a mafarki. Da hantsi hadari ya taso daga gabas, can wajen fadama balbelu suka tashi fari fat a ƙarƙashin baƙin girgije. Iska ta kawo ƙamshin kogi, sannan ruwa ya sauko a hankali, indararo suka fara zuba. Da ya tsagaita muka fito, ni da duba-gari da mai unguwa. Na juye ƙwaryar ƙaiƙayi a bakin masallaci. Ya bazu a kan ruwa, rana ta leƙo ta haske shi, ya kama tafiya sannu sannu, yana juyi, yana tsayawa, yana wucewa. Muka bi shi ƙafa ba takalmi. Na ma manta abin da ya fito da mu, kallo kawai nake.

Saura 'yan taku ya kai ɗakin mahaifiyata, sai ya karkata hagu. Daɗi ya kashe ni, na juya na dubi duba-gari ina murmushi. Shi kuwa ya yi mini nuni da haɓa. Ƙaiƙayin ya bi gefen dangarmu, ya gangara bayan gida, ya je ya taru a gindin sabon ɗakina. Ruwan har ya fara cin yaɓen.

Mai unguwa ya yi ta tari don kada dariya ta kuɓuce masa. Mahaifiyata tana tsaye da mayafi a ka. Ta ce mahaifina da gangan ya bar filin nan, na ruwa ne. Na ce, Inna, me ya hana ki gaya mini?

"Sau biyu na faɗa maka, kana ta waƙa kana kwaɓa ƙasa."

Da hannuna na rushe shi. Biki ya koma bayan kaka, dangin amarya suka samu abin tsokana na shekaru. Amma ranar da nake rushewar, mahaifiyata ta zauna a ƙofar ɗakinta ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙari.

Tun daga nan ba na yanke magana a kan wuri sai na tambayi wanda ya riga ni zama a cikinsa. Kuma ban taɓa baƙin cikin ɗakin nan nawa ba, ko sau ɗaya. Ita ta ƙara damina da yawa a nata. A cikinsa ta cika, wata Laraba, ana yayyafi.