Ledar da ke ƙarƙashin murfin tanki

Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, kalmar ɓarawo ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba. Ko da wasa aka kira mutum da ita, sai ka ga ya saci kallon hannunsa. A shekarar ne wani dillalin shanu, abokin mahaifina da nake kira Baba tun ina ƙarami, ya jefe ni da ita a bakin garejina da ke kan hanyar Zango, a Daura.

Babur ɗinsa ne sanadi. Sabo ne, bai fi wata biyar ba. Zai tashi lafiya lau, ya ɗan yi nisa, sai ya fara fizga. Injin ya yi ƙara sama kamar an murɗe totur, ya dawo ƙasa, ya shaƙe, ya mutu. Bayan ɗan lokaci kuma ya tashi kamar ba shi ba. Sau uku yana kawo mini shi. Na canja fulogi. Na kwance kafireto na wanke shi tas. Na tsiyayi man daga tiyo na duba ko 'yan bumburutu sun gauraya masa da ruwa, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. In na zaga da shi cikin unguwa, ƙalau yake. Murfin tanki kaɗai ban taɓa buɗewa ba. Makullinsa yana ɗaure a jikin carbin Baba, don a ganinsa duk bakanike mazuƙin mai ne.

Ranar wata kasuwar Mai'aduwa babur ya mutu masa a hanya har sau huɗu, ya isa an gama ciniki. Washegari da hantsi ya faɗo gareji, 'yan acaba sun cika rumfa.

"Ka cire mini kafireton kamfani ka sa tsoho," in ji shi. "Ɓarawo. Wallahi sai alƙali ya raba mu."

Kafin azahar mutum biyu sun janye baburansu ba a gama gyara ba. Sati guda na yi ina zaune ina korar ƙuda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifina, wanda ya daina fitowa hira ƙofar gida. Ni kuwa ban roƙi Allah haƙuri ba a kwanakin nan. Roƙona ɗaya ne, ya nuna mini ciwon baburin, sauran ya bar mini.

Mai unguwa ya tara mu don a sasanta kafin magana ta kai kotu. Baba ya miƙe yana zuba.

"Duk sanda ya mutu, ranka ya daɗe, sai na buɗe tanki na leƙa ko mai ne ya ƙare. Ga mai nan fal. In rufe, in buga, ya tashi. In ba kafireto ba, mene ne?"

Nan take na gane. Murfin tanki yana da 'yar ƙofa kamar ta allura, ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ta toshe, mai zai sauka na ɗan lokaci, sannan tanki ya riƙe shi. Injin ya ji yunwa, ya fizga, ya mutu. Buɗewar da yake yi ita ke tayar da shi. Na kuma san halin mutanenmu na cusa leda ƙarƙashin murfi don kada mai ya fallatso a hanyar gargada.

Da na faɗa a wurin, da an yi dariya an tashi. Ni ba dariya nake so ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada shi a hanya gaban shaidu. Baba ya tuƙa da kansa, makullin tanki kuma ya zauna a hannunka."

Bayan azahar muka fita, tsakiyar bazara, kwalta tana tiriri. Baba a gaba, ni na goya mai unguwa, 'yan acaba kamar goma suna biye. Muna wuce gonakin bakin gari baburin ya fara halinsa, ya mutu. Baba ya buga, ya buga, har hularsa ta faɗi. Ya miƙa hannu a ba shi makulli.

"Sai mun isa tsamiyar can, Baba," na ce. "Ba a gyara cikin rana."

Tsamiyar da nisa. Ya tura babur cikin babbar riga, gumi ya jiƙa bayansa, yana haki. Na bar nawa na bi shi a ƙafa, hannuwana a baya. Ba zan yi ƙarya ba, kowane takunsa daɗi ya yi mini.

A inuwa na zare tiyon mai daga kafireto, na ɗaga kowa ya gani. Ɗigo biyu, shi ke nan. Na ce mai unguwa ya ba Baba makulli ya buɗe da hannunsa. Yana ɗaga murfi tanki ya ja iska da ƙara, fuu, mai ya zubo ta tiyo har kan takalminsa. Ga ledar burodi nan ninki huɗu, manne a bakin tanki. Na cire ta, na mayar da tiyo, wani ɗan acaba ya hau ya je Zango ya dawo ko tari baburin bai yi ba.

"Don kada mai ya ɓata mini riga na sa," in ji Baba, yana kallon ƙasa. "To, ai shi ke nan, yaro."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai dawo rumfar da ya kira ni ɓarawo ya janye ba. Ni ma na ɗauki ledar na kafe ta da ƙusa a ginshiƙin gareji, duk wanda ya tambaya na ba shi labarin daga farko har ƙarshe, har da hular.

Bayan wasu shekaru ya samu kujerar Makka. Kamar yadda ake yi, ya bi gida gida yana neman gafara kafin tafiya. Lokacin mahaifina ya rasu. Ya iso gareji da la'asar, rumfa cike kamar wancan karon. Ya ga ledar, ta bushe ta koɗe. Ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Ɗana, zan tafi. Abin da ya wuce, a yafe."

"Baba, da ƙarfi ka kira ni ɓarawo, a nan, gaban mutane," na ce. "Ga su nan."

Ya juya ya dube su. Bakinsa ya motsa, ya tsaya. Na jira shi, wallahi na jira, don da ya janye kalmar gabansu da na cire ledar da hannuna. Sai ya gyara hula ya miƙo mini hannu. Na karɓa, na ce Allah ya kiyaye hanya, ya sa karɓaɓɓiya ce. Ya ɗan tsaya yana jiran in ce na yafe. Na koma kan injin da nake kwancewa.