Zauna Tukuna: Jinjina ga Dattijon da ke Zaɓa wa Maza Kayan Liyafa

Kafin a buɗe shagon shi ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa a bangon baya, ya wanke hannu, ya goge dogon madubin da ke ƙurya da tsohuwar jarida, sannan ya bi layin kwat-kwat ɗin da ke rataye yana shafa kafaɗar kowace kamar mai gaida jama'a. Wadda ta kwana a karkace ya daidaita ta. Wadda maɓallinta ya fara lilo ya zaro allurar da ke soke a wuyan rigarsa ya ɗaure shi. Daga ƙarshe sai ya jawo wata kujerar katako da ɗan tebur ya ajiye su a gaban madubin, ya ɗora faranti da cokali da kofi, duk babu komai a ciki.

Baƙo in ya shigo sai ya zaci karin kumallon dattijon ne ba a kawo ba. Mu da muka saba mun san kayan aikinsa ne. Shagon na sayar da kayan maza ne, ana kuma ba da haya ga mai buƙatar na yini ɗaya. Dattijon ba shi ne mai shagon ba, ba kuma shi ne telan ba. Aikinsa shi ne ka shigo ka ce an gayyace ka liyafa, ko taron karramawa, ko cin abincin dare na wurin aiki, shi kuma ya zaɓa maka abin da za ka sa.

Mu maza kuwa mun san halinmu a gaban madubi. Mutum zai sa kwat, ya shanye ciki, ya turo ƙirji, ya riƙe numfashi, ya ce ta yi daidai. A nan ne dattijon zai taɓa kafaɗarsa ya ce, "Zauna tukuna." Daga wannan kalma ya samu sunan da kowa ya san shi da shi, Baba Zauna. Da ka zauna cikin da ka ɓoye zai dawo gida, maɓalli ya fara neman agaji, ƙafar wando ta haye ta tona asirin safa. Sai ya ce ka ɗauki cokali ka kai baki, ka miƙa hannu ka ɗauko kofi, ka juya ka gaida na kusa da kai. Na taɓa jin yana ce wa wani manaja mai tumbi, "Yallaɓai, liyafa a zaune ake cin ta. Tsayuwar nan da kake yi ta minti biyu ce a bakin ƙofa, sauran daren duk a kan kujera za ka yi shi."

Tambayoyinsa sun fi awonsa yawa. Wa ya gayyace ka? Kai ne mai liyafar ko baƙo ne? Za ka yi jawabi? Ɗakin na da sanyi? Wani saurayi ya taɓa nacewa sai wata kwat mai ƙyalli da zai sa a taron karrama shugabansa na wurin aiki. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, ta yi maka kyau, amma ranar ba taka ba ce. Bari mai ranar ya haska, kai ka tsaya kusa da shi tsaf." Saurayin ya fita da shuɗiya mai duhu yana ƙunƙuni, bayan kwana biyu ya dawo yana godiya. Ni kaina, da matata ke cewa ina sa kaya kamar wanda aka ɗauke wa wuta, a hannunsa na gane cewa taye ba igiyar ɗaure akuya ba ce. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma na ga mutane da yawa sun fita shagon nan da kayan haya ba wanda zai ce ba nasu ba ne.

Duk wannan gwaninta ce, kuma yabon gwani ya zama dole. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya yi wa Yayana.

Yaya direban babbar mota ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanya. Mutum ne da ko taya ta fashe masa a daji bai iya cewa a taimake shi ba. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya yi da sauran kwana, magana ta dawo, ƙafa ta dawo har yana takawa da sanda, amma hannun hagu ya ƙi. Tun da aka sallame shi daga asibiti ya shige ɗaki, ko ƙofar gida ya daina leƙawa.

Ana cikin haka autarsa ta kammala karatun likita, makarantarsu ta shirya liyafar cin abinci ga ɗalibai da iyayensu. Yarinyar nan da kuɗin tuƙinsa ta yi karatu, kuma shi ne ya riƙa cika baki a gaban abokansa tun tana aji ɗaya. Da aka kawo katin gayyata ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ku je kawai, ku ɗauko min hoto." Auta ta ce in Babanta ba zai je ba, ita ma ba inda za ta. Gida ya yi tsit. Mu kuma muka san in ya ƙi fita wannan karon, da wuya wani abu ya ƙara fito da shi.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Matarsa ta ce kunyar hannun yake ji. Ni na ce sandar ce. Muka je muka sayo wata ƙatuwar kwat mai zurfin aljihu don ya soka hannun a ciki, ya dube ta sau ɗaya ya juya fuska bango. Da dabara ta ƙare mana na tafi shago na zayyana wa Baba Zauna komai. Ya ce, "In shi ba zai zo kujera ba, ai kujera za ta iya zuwa. Kuna da tebur a gida?"

Washegari da ya tashi daga aiki ya iso a kan kekensa, da kaya kaɗan a cikin jaka. Ya gaida matar Yaya, ya nemi ta ba su wuri ita da Auta. Ni ya ce in tsaya in riƙe madubi. Ya sa aka kawo tebur da faranti, ya taimaka wa Yaya ya sa wando da riga, ya ce masa, "Zauna tukuna, Maigida." Yaya ya zauna yana ɗaure da fuska, don kawai yana jin nauyin furfurar mutumin.

Baba ya fara tambayoyinsa kamar yadda yake yi wa kowa. A ina iyaye za su zauna? Akwai matakala? Za a kira ku gaba? Yaya yana amsawa da ƙyar. Sai ya ce, "Irin wannan liyafa takan yi tsawo. Jawabi, jawabi, ga ruwa, ga lemo, ga shayi. In ka tashi zagawa, wa zai raka ka?"

 Na ga hannun Yaya na dama ya damƙi gefen teburin. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "A gida uwar yaran nan ce ke kwance min bel, ita ke ɗaura min. A can fa? In ja ta zuwa bayin maza a gaban abokan karatun 'yata? Ko in zauna in daure har in..." Bai ƙarasa ba. Tun muna yara ban taɓa ganin hawayen Yaya ba sai ranar, kuma zuciyata ta karye. Wata da watanni muna gida ɗaya da shi muna ta hasashe, ba wanda ya yi masa wannan tambayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baba Zauna bai yi masa wa'azi ba, bai ce ya yi haƙuri ba. Ya jira har ya share fuska, sannan ya ce, "Maigida, ai wannan laifin wando ne. Wanda ya ɗinka shi ya ɗauka kowa hannu biyu gare shi. Bari mu koya masa hankali."

Ya tafi da wandon. Ya sa telan shago ya saka roba a ƙugu ta baya inda kwat za ta rufe, ya ɗinke bel ɗin a jiki ya mayar da kansa na ƙugiya, wanda hannu ɗaya zai iya maƙalawa. Ya sa ɗan zobe a kan zip. Maɓallan riga ya bar su a sama don ado, ya ɗinka na dannawa a ƙarƙashinsu. Ya kawo taye ɗaurarriya da ake maƙalawa a wuya, da takalmi marar igiya. Ƙatuwar kwat ɗinmu ya ce a mayar. Ya zaɓo mai launin toka mai duhu daidai jikinsa, ya ƙara ɗan cika a kafaɗar hagu da ta sauka, ya rage tsawon hannun. Da na tambaya ko ba za a ɓoye hannun ba, sai ya ce, "Abin da ka ɓoye shi ido ke nema. Ya ɗora shi a kan tebur kamar na kowa."

Ba a dace a karon farko ba. Zoben ya yi ƙanƙanta, yatsan Yaya na direba ya ƙi shiga, ya fito daga bayi yana huci ya ce a bar maganar. Baba ya cire zoben ya ce gobe zai dawo da wani. Ya dawo, ya sake dawowa. Kullum sai ya sa shi ya sa kayan gaba ɗaya, ya zauna, ya sha ruwa, ya tashi ya tafi bayi shi kaɗai, ya hana kowa bin sa. Baba kuma ya zauna a falo yana hira da mu kamar ba abin da ake jira. Ran da Yaya ya fito riga a soke, bel a ɗaure, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Auta, ƙarfe nawa aka ce za a fara abin nan naku?" Yarinyar ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki.

Na je liyafar, tebur ɗaya muka zauna. Aka yi jawabai har kunne ya gaji. Tsakiyar cin abinci Yaya ya ajiye cokali, ya jawo sandarsa ya miƙe. Matarsa ta yunƙura za ta tashi bisa sabo, ya ɗan girgiza mata kai. Ta koma ta zauna, amma ba ta ƙara kai loma baki ba, ni ma haka. Muka bi bayansa da ido har ya shige. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san na karanta duk addu'ar da na iya. Sai ga shi ya fito, kwat a zaune, taye a tsakiya, yana ratsa tebura a hankali. Ya zauna ya ɗauki cokalinsa ya ce min, "Kai, miƙo min ruwan nan." Duk faɗin ɗakin ba wanda ya lura an yi wani abu. Da aka kira sunan Auta shi ya raka ta gaba.

Baba, kai ne ba ka cikin hotunan liyafar ko ɗaya, alhali da hannunka aka tsaya a cikinsu. Kai ne ka san cewa namiji zai iya faɗa maka girman wuyansa da tsawon ƙafarsa, ya ɓoye abin da ke hana shi barci, sai an zaunar da shi an tambaye shi cikin mutunci. Ka ga ango mai rawar jiki, ka ga mai neman aiki da kwat ɗin haya, ka ga tsoho da ya rame kaya suka yi masa yawa, ba ka taɓa fita da sirrin kowa ba. Wannan ma da izinin Yaya na rubuta shi. Shi ya ce in rubuta, don akwai irinsa da yawa a ɗaka.

Ƙarshen watan nan Baba Zauna zai ajiye aiki. Ido ya fara gardama da ramin allura, gwiwa ta fara ƙin keke. Mai shagon ya tambaye shi abin da yake so na sallama, ya ce a bar kujerar da teburin a gaban madubi, kada wanda zai gaje shi ya kawar da su. Ina roƙon masu sayar da kaya, da teloli, da duk wanda aikinsa ya haɗa shi da jikin mutane, su ɗauki wannan hali. Kafin ka ce wa mutum ya yi kyau, ka tambaye shi yadda zai yi da kayan in ya bar gabanka.

Jiya Yaya ya shirya da kansa, ya ce in kai shi shagon. Muka tarar da Baba a tsaye yana gyara kafaɗar wata kwat. Yaya ya jingine sandarsa, ya kama kujerar da hannunsa ɗaya ya jawo ta har gaban dattijon.

"Baba, shekara da shekaru kana tsaye kana zaunar da mutane," in ji shi. "Yau kai ma zauna tukuna."

Dattijon ya zauna. Mun gode, Baba. Allah ya suturta ka duniya da lahira kamar yadda ka suturta mu.